Randar da Ba Ta Gumi

Hafsatu, ran nan na ji ki a zaure kina gaya wa ƙawayenki wai uwarki ce ta fara gane gubar dalma a garinmu tun likitoci ba su zo ba, wai don ta yi boko. Na so in fito in kwaɗe ki da ludayi, sai na tuna ba ke kika ƙirƙira ba, haka kika taso kika ji ana faɗa. Ɗan'uwanki Nura ma ya ƙara nasa, wai mafarki na yi. To ku buɗe kunne. Ban yi mafarki ba, kuma dalmar da na sani a lokacin ita ce ta masu liƙin bokiti a kasuwa. Abin da na sani shi ne ruwan sanyi. Ban tsufa ba da zan zauna ba da tarihi, amma na ga labarin nan yana ta ƙara ƙiba a bakin mutane, gara in rubuta shi yadda ya faru tun ina tune da komai.

Gidanmu a ƙauye, can tsakanin Anka da Bukkuyum, gidan ginin tukwane ne tun kakanni. Sana'ar ta dangin Baba ce. Inna ba ta zo da ita ba, a gidan ta same ta, kuma wadda ta koya mata ita ce Gwaggo Tumba, yayar Baba, wadda katanga kawai ta raba gidanta da namu. A jikin katangar akwai wata 'yar ƙofa da ba a taɓa rufewa ba. Ta nan gishiri yake wucewa, ta nan wuta take wucewa, ta nan Gwaggo take leƙowa ta yi faɗa ta koma. Ramin gashinsu ɗaya ne a bayan gari. Tun Inna tana amarya suke jera tukwanensu tare, su lulluɓe da kara da kashin shanu, su cinna wuta ɗaya. Idan ta huce kowa ta gane nata: Gwaggo tana danna babban yatsa a wuyan tukunya, Inna tana jan layi da tsinken kara.

Ni kuwa da na gama sakandare a Anka na dawo gida jiran sakamako, aka zaunar da ni gaban yumɓu. Ba ni da haƙurin gini, kun dai san ni. Kafin bangon tukunya ya sha iska na ɗora wani, sai ta karkace. Gwaggo ta ɗaga wadda na yi wata rana, ta juya ta, ta ce,

"Luba, wagga tukunya ce ko wani ya zauna mata?"

"Gwaggo, ai ruwa ba ya duba siffa."

"To mai saye shina dubawa. Tashi. Hannunki na biro ne, mu ga ko ƙafarki na da amfani."

Haka aka ba ni kwaɓi, aikin da kowa ke gudu. A ɗebo yumɓu a fadama, a jiƙa, a zube shi a kan tsohuwar fata, a hau da ƙafa ana tattakawa har ya yi laushi. A nan ne ake zuba abin haɗi, kuma a nan ne tukunya take samun halinta, ko da yake ba wanda ke yaba wa mai kwaɓi. Abu biyu muke zubawa. Na farko dakakken tsingaro, wato fasassun tukwane da ake sake dakawa a turmi. Shi ya riga ya shiga wuta sau ɗaya, ba ya ƙara motsi, shi ke riƙe yumɓu kada ya tsuke ya tsage. Na biyu ɓuntun shinkafa. Tukunyar miya tana son tsingaro da yawa don ta jure murhu. Randa da tulu kuwa ɓuntu suke so. Na tambayi Inna dalili ta ce haka ta tarar. Ni dai na so aikin nan fiye da yadda na nuna. Ƙafata ta kai matsayin da idan na taka na san abin da ya yi kaɗan, kuma yumɓun gida biyun duk ni ke taka shi.

A shekarar ne zinari ya shigo gari da ƙarfinsa. Baƙi suka cika ko'ina, daga wurare masu nisa, wasu ko Hausarsu ba ta fita sosai. Samarin gari suka ajiye fartanya suka ɗauki guduma. Ana kawo dutse a buhu daga daji a bayan babur, a farfasa, a niƙa, a wanke a kwano a tsince abin da ake nema. Yaya Bala, ɗan Gwaggo, yana cikin waɗanda suka fara. A tsakar gidansu yake shanya garin dutsen, kuma wanda aka riga aka wanke ya zama tsibi a gindin katanga, ba mai so. Gwaggo kuwa dakan tsingaro ya fara gagarar kafaɗarta. Wata rana ta dubi tsibin nan, gari mai laushi, niƙaƙƙe, kyauta, har da ɗan ƙyalli a cikinsa. Ta ɗiba ta kwaɓa da kanta, ba ta ma neme ni ba, ta gina randa ɗaya da tuluna kaɗan.

Ranar da aka tone ramin ina wurin. Da Gwaggo ta kaɗe tokar, sai ga jikin randar yana sheƙi wuri-wuri kamar an shafa mata mai. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa. Ban taɓa jin tukunya ta yi irin wannan amo ba. Ƙau, kamar an bugi tasa. Ku da kuka taso da roba da firji ba za ku gane ba, amma a wurinmu da kunne ake sayen tukunya. Ba matar da za ta ɗauki tukunya ba ta ƙwanƙwasa ba. Idan amon ya fita garau, ta gasu kuma ba tsaga. Idan ya yi dum, a ajiye. Haka uwaye suka koya wa 'ya'ya, kuma ba ƙarya ba ne, shekara da shekaru yana yi musu aiki. To ga tukunyar da ta fi kowace amo.

Mudi na Gummi, dillalin da ke zuwa da mota ya kwashe mana kaya bayan kowane gashi, ya ƙwanƙwasa tulun Gwaggo, ya kara a kunne, ya sake ƙwanƙwasawa.

"Tumba, ƙarfe kika narka ciki?"

"Asirin gida ne."

"To asirin nan nika so. Gashi mai zuwa duk a yi min irin wanga. Masu dum-dum ɗin nan ku bar wa kanku."

Gwaggo ta ba Inna randar nan kyauta, don ta gani da idonta. Aka wanke ta, aka kafa ta a kan yashi a inuwar rumfa kusa da tsohuwar randarmu, aka cika. Lokacin bazara ta kama sosai, irin zafin da kaji ke buɗe baki. Na dawo daga fadama da kwandon yumɓu, maƙogwarona kamar an zuba rairayi, na jefa moɗa a sabuwar randa na kafa kai. Sai da na furzar. Ruwan ɗumi ne, kamar wanda aka surka wa mai jego. Na ɗibi na tsohuwar, sanyi har haƙori. Na dafa jikin tsohuwar, da danshi, yashin ƙarƙashinta a jiƙe. Na dafa sabuwar, a bushe ƙayau.

Na gaya wa Inna, ta ce sabuwa ce, sai ta sha ruwa ta saba. Na jira, ni da ba na jira. Kullum da rana tsaka sai na ɗanɗana. Har aka fara shirin gashi na gaba ba abin da ya canza. Ran nan Gwaggo ta leƙo ta 'yar ƙofa ta ce gobe in zo da kwando in kwashi garin dutse, da shi za a kwaɓa na gida biyun, a bar wahalar dakan tsingaro, ɓuntun ma a rage don yana kashe amo. Na juye ruwan sabuwar randa a gindin darbejiya, na ɗauko taɓarya na sauke mata a ciki.

Kada ku yi koyi da wannan. Randar kyauta ce daga yayar uba, kuma tana tsaye tana kallo. Amma ina so in ga cikin bangon, kuma ba wata hanyar ganin cikin bango sai an fasa. Na ɗauki ɓari ɗaya, na ɗauko wani tsohon tsingaro daga tarin da ake dakawa, na haɗa su a rana. Tsohon cike yake da ƙananan huji, kamar cikin burodi. Sabon a cushe yake, a haɗe, wani wurin har yana ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba. Nan take abin ya zauna mini a kai. Ɓuntu yana ƙonewa a wuta ya tafi, ya bar gurbinsa. Ta gurbin nan ruwa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, randa ta yi sanyi kamar yadda jiki ke yi bayan gumi. Garin dutsen kuwa ba tafiya yake yi ba, narkewa yake ya toshe ko'ina. Abin da ya ba ta amo shi ya hana ta gumi. Malamin kimiyyarmu ya taɓa cewa wuta ba ta yi wa kowane abu iri ɗaya, wani ta cinye shi, wani ta narka shi, wani ta bar shi yadda yake. Iyakar bokon da ke cikin labarin ke nan, Hafsatu, kuma ko a jarrabawa ban ci darasin da kyau ba.

Gwaggo ta shigo tsakar gidan a hankali. Ba ta dube ni ba, Inna ta duba.

"Hajo, abin da munka samu ke nan da anka kai ta makaranta?"

Inna ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Luba, durƙusa."

Na durƙusa, amma ɓarin yana hannuna. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini fashin. Amma ki duba nan. Randar ba ta gumi."

"Mi ya dame ni da guminta? Jaka ce?"

"Randa don ruwan sanyi ake saye."

"Ana saye don ta yi amo. Tun ba a haifi ubanki ba nika sai da randa, ke za ki hwaɗa min don mi aka saye?"

"To ni ƙafata ba za ta taka garin nan ba."

Baba yana gyaran igiyar sa a bakin zaure, ya tashi ya fita abinsa, don bai taɓa shiga tsakanin yayarsa da matarsa ba. Gwaggo ta ce wa Inna ta zaɓa: ko ta sa ɗiyarta ta yi abin da aka ce, ko kowa ta san inda za ta gasa nata, don ba za ta jera tukwane masu amo da marasa amo a rami ɗaya Mudi ya ce an yi masa gauraye ba. Ina durƙushe ina kallon ƙafar Inna. Na san abin da Gwaggo take a wurinta. Ita ta kama hannunta ta ɗora a kan yumɓu, ita ta karɓi haihuwata. Inna ta taka zuwa tsohuwar randa, ta ɗora tafinta a jiki ta daɗe. Sannan ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu.

"Yaya, yarinyar ba ta da kunya, wannan na sani. Amma ke kika koya min randa ta yi gumi."

Gwaggo ba ta karɓi moɗar ba. Ta juya ta fita, kuma kafin la'asar an kafa zana a 'yar ƙofar nan.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Mudi ya daina tsayawa a ƙofarmu. Muka haƙa namu ramin, ƙarami, kuma wutar gida ɗaya tana cin kara kusan kamar ta gida biyu, ni ke yawon nemansa. Tukwane suka taru a ɗakin baya har ba wurin taka ƙafa. Miyarmu ta koma kuka zalla. Matan unguwa idan na wuce sai su ƙwanƙwasa ƙwarya su ce wai suna duba ko na gasu. Wanda ya fi mini ciwo shi ne na Inna. Ta tsaya mini a gaban Gwaggo, amma a ɗaka ba ta sake mini fuska ba. Ranar gashin farko da muka yi mu kaɗai, hayaƙin ramin Gwaggo yana tashi can gefe, Inna ta ce ba tare da ta dube ni ba,

"Da kin iya magana kamar mutane, da ba a kai nan ba."

Gaskiya ta faɗa. Har yau ban iya ba.

Yaya Bala ya so ya gyara. Ya sungumo buhun garin dutse ya kawo mana har tsakar gida, ya ce in gwada ko kaɗan ne, a daina wannan rigima ta mata. Yana fita na ja buhun a ƙasa har bayan gari, na dawo na share inda ya ajiye shi, na yayyafa ruwa na sake sharewa. Na kafa doka, ni da ba kowa ba ce a gidan: ba mai shigo mana da garin nan, ƙannena ba su wasa a tsibin, wanda ya je gidan da ake niƙa ya wanke ƙafa a waje. Ba don lafiyar kowa na yi ba, ku rubuta wannan. Tsoro nake iska ta ɗebo shi ta zuba mini a yumɓu. Mutane suka ce Luba ta zare.

Da na ga kaya ba sa tafiya, na ɗaure randuna a saman bas na nufi kasuwar Bukkuyum da kaina. Ranar farko ko ɗaya ban sayar ba. Mace ta zo ta ƙwanƙwasa, ta taɓe baki, ta wuce rumfar masu sheƙi. Kasuwa ta gaba na yi sammako, na cika randa ɗaya da ruwan rijiya, na ajiye a inuwa, na rataya moɗa. Da rana ta take sai ga wata dattijuwa, Bafulatana, ta sauke ƙwaryar nononta ta lanƙwasa yatsa.

Na ce, "Inna, kiɗa za ki yi da ita ko ruwa za ki sha?"

"Kai, wannan yarinya da baki take. Wa ya haife ki?"

"Sha tukuna, sai in gaya miki."

Ta sha. Ta sauke moɗar, ta dubi randar, ta sake ɗiba. Sannan ta ƙwala wa wata kira daga can rumfar masu gishiri, ta ce ta zo ta ji abin mamaki, ƙanƙara a cikin ƙasa. Ranar na sayar da kaɗan. Haka na riƙa yi, Bukkuyum, Anka, wani lokaci har Gummi, a gaban rumfar Mudi don ya gani. Aka sa mini suna Mai Moɗa. Ba a dare ɗaya abin ya juya ba, don masu sheƙi sun ci kasuwarsu har damina ta wuce. Sai da wata bazarar ta zagayo, matan da suka sayi masu amo suka gaji da shan ruwan ɗumi, sannan suka fara nemana. Wata ta ce mini ta mai da tata wurin ajiyar gero. Ranar da na dawo gida bas ba komai a samansa, Inna ta zuba mini tuwo ta zauna kusa da ni har na gama.

Sauran kun san shi, don kowa a ƙasar nan ya san shi. Yara suka fara ciwo a garuruwan da ake niƙa dutse, amai, jijjiga, wasu ba su tashi ba. Ba zan yi dogon bayani a kai ba, ba na iyawa. Likitoci suka zo suka ce dalma ce a cikin dutsen, ƙurar ce yara ke haɗiya. Aka bi gida gida ana auna ƙasa, ana kankare tsakar gida ana kwashewa. Da suka zo namu suka auna, suka sake aunawa, ɗaya ya tambayi Baba me ya sa namu bai kai na maƙwabta ba. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce,

"Waccan ta hana. Wai yumɓunta."

Daga nan labarin ya fara ƙiba. Ƙannena duka sun tsira. Jikan Gwaggo, ɗan Yaya Bala, ya kwanta, an kai shi Anka, Allah ya tashe shi, amma har yau maganarsa a hankali take fita, kun dai san shi. Saboda shi ne ba na son jin ana cewa na sani. Da na sani, da ba zana kawai ba, katangar zan rushe in je in kwashe tsibin nan da hannuna.

Ma'aikatan lafiya suka ce tukwanen da aka haɗa da garin ma kada a ƙara sha ko girki a ciki. Gwaggo ba ta jira kowa ba. Ta fito da duk abin da ya rage mata, ta fasa da taɓarya, muna jin ƙarar ta bayan katanga, ƙau, ƙau, har a fashewa amonsu daban. A gidanmu tukunya ba ta mutuwa, idan ta fashe turmi take komawa ta shiga cikin sabuwa. Waɗannan ne na farko da ba su koma ba. Gwaggo ta tattara ɓararrakin ta bi da su inda ake zubar da ƙasar da aka kankare.

Abin da nake alfahari da shi ba sani ba ne. Gari guda ya yarda da kunnensa, har da waɗanda suka girme ni suka fi ni iya sana'ar, ni kuwa na sha ruwa na ji ɗumi na ƙi cewa sanyi ne. Shi ke nan. Idan za ku gaya wa ƙawayenku wani abu, wannan za ku gaya musu.

Bayan an gama kwashe ƙasa, wata safiya ina tankaɗe ɓuntu sai na ji ana jan zanar 'yar ƙofa. Ta riga ta ruɓe, tana taɓawa ta zube. Gwaggo ce, ta rame, zaninta a ɗaure a ƙirji. Inna ta miƙe da sauri har ta yi tuntuɓe da turmi. Gwaggo ta wuce ta, ta je gindin randa, ta ɗora tafinta a jiki kamar yadda Inna ta yi a waccan ranar. Ta ɗauki moɗa da kanta ta sha, ta goge baki da bayan hannu.

"Hajo, karan da ke gare ni ba ya isa rami guda. Naki fa?"

"Nawa ma haka, Yaya."

"To a haɗa." Sannan ta juyo gare ni. "Ke, Mai Moɗa. Na jiƙa yumɓu tun jiya. Ki taho da ƙafarki, ki bar bakinki gida."

Na ɗauki kwandon ɓuntu na bi ta ta 'yar ƙofar. Ƙafar na kai mata, bakin ma bai zauna ba, don ina hawa yumɓun na ce mata ruwan ya yi yawa. Ta ce in rage ruwan da bakina tunda na zo da shi.